Man Maɗacin Kaka a Fuskar Alheri

Ku matso kusa, 'yan matana, ku jawo benci, wadda ba ta samu wuri ba ta zauna a bakin baranda. Ku kife wayoyin nan tukuna. Tun da kuka fara zarya gidana wai in koya muku kwalliyar amare, ina jin abin da kuke faɗa a junanku ko da kun rage murya. Wai aikin ba wuya, a sayi injin feshi, a kalli yadda ake yi a waya, kafin Kirsimeti an zama madam. Ban hana ku ba. Amma kafin ku sa mamanku ta sayar da akuya a sayo inji, ku saurari abin da ya faru a auren Alheri.

Ni ce Maman Godiya. A nan Kafanchan aka haife ni, a nan nake, kuma in ba dole ba ko bakin titinmu ba na son wucewa. Karatu iyakata firamare. Tafiya mai nisa da na taɓa yi ita ce zuwa Sabon Tasha, inda na zauna a hannun ƙanwar babana, Anti Rifkatu, na koyi wannan sana'a.

Aikin farko da ta ba ni wankin buroshi ne. Ba fuska ba, ba jagira ba, buroshi. In wanke da sabulu marar ƙamshi, in matse a hankali, in jera su a kan tawul kai a ƙasa don kada ruwa ya gangara gindin ya kwance gam. Da na fara gunaguni sai ta ƙara mini wani aikin, haɗa kala a bayan hannu. A lokacin kayan da ake kawowa kasuwa kusan duk na masu farar fata ne. Za ki ga amarya baƙa kyakkyawa ta fito a hoto kamar an tsoma fuskarta a garin rogo, wuya baƙi, fuska toka-toka. Anti Rifkatu ta tsani wannan abu. Takan zaunar da ni a ƙofar shago ta ce duk macen da ta wuce in faɗa mata waɗanne kwalabe zan haɗa in sami kalarta. Mai tallan ayaba, malamar asibiti, matar fasto, kowa. In na kuskure ta ce in sake kallo, baƙi ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai ja a ƙarƙashi, akwai mai ruwan zuma, akwai wanda ke ɗaukar shuɗi in rana ta buge shi. Har yau in ina zaune a coci, Ubangiji ya gafarta mini, ana wa'azi ni ina haɗa kalar mawaƙa a kaina.

Kwalliyar amarya da ake yayi yanzu iri biyu ce, kuma a kansu kuke ta gardama. Akwai wadda ake kira HD. Da hannu ake yin ta, buroshi da soso, sai dai fandeshan ɗin, wato shafin da ke daidaita kalar fata, da hodar masu laushi ne ƙwarai, an yi su ne saboda kyamarorin yanzu da ke ganin har ramin gashi. Tana zama kamar fatar mutum. Inda akwai tabo ki ƙara a wurin kaɗai, in ta goge a wani gefe ki gyara a tsaye. Aibinta, mai yawan gumi da maiƙo sai an riƙa bin ta da hoda. Sai kuma eyaburosh, wadda mu nan muke ce wa feshi. Ɗan inji ne kamar rediyo, da siririn tiyo, da wani abu kamar biro a ƙarshensa. Ki ɗiga fandeshan mai ruwa-ruwa a ɗan kofinsa, ki danna, ya fita kamar raɓa ya kwanta a fuska, hannu bai taɓa fata ba. Ba ta da nauyi, in ta bushe kuwa gumi da hawaye su bi ta kai su wuce, tun safe har a watse daga biki. Amma tana son wuta, kuma ba ta son gyara. In wani abu ya ci mata wuri kika ce za ki cike da buroshi, sai wurin ya fito kamar facin taya.

Amaryar da na fara yi wa feshi wata malamar makaranta ce. Na gama gefen dama ke nan aka ɗauke wuta. Ta zauna da rabin fuska tana ta dariya, mahaifiyarta tana ta addu'a, shi kuwa maigidana Baban Godiya ya fita da singileti ya aro janaretan mai aski, ya turo shi a baro. Ranar na san cewa wanda ya sayi injin feshi bai gama saye ba. Na kuma koyi cewa allurar da ke cikin biron nan ta fi jariri son wanka. Kika bar ta da fandeshan ta kwana, gobe tofi za ta yi wa amarya a kumatu.

Injin bai daɗe a hannuna ba sai ga shekarar da citta ta ruɓe a gona. Ku yara ne amma kun gani. A ƙasarmu da citta ake aure, da ita ake kai yaro makaranta, da ita ake rufa ɗaki. Ganye ya yi rawaya tun damina ba ta raba ba, aka tona ƙasa aka tarar da wari. Bukukuwan da aka sa rana aka riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka daure suka yi, sun yi shi a taƙaice, amarya ta shafa farar hoda da jan baki a ɗakin uwarta ta fita. Na lulluɓe injin da tsohon ɗankwali na tura shi ƙarƙashin gado. Fandeshan ya riƙa kamewa a kwalba ina kallo. Na koma kitso, da ɗaura wa matan zumunta na coci kallabi ranar taro, da kunun zaƙi da nake ajiyewa a kula a ƙofar gida. Ba mu kwana da yunwa ba, mun gode wa Allah, amma buroshina sun huta har sun gaji.

Auren Alheri yana cikin waɗanda aka ɗaga. Ita ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan gari, angonta Bulus kuwa gidansu manoman citta ne. Da abubuwa suka ɗan lafa aka sake sa rana, bayan Ista, lokacin da zafi yake kamar a dafa ƙwai a kan kwano kuma hadari na haɗuwa ba ya zuba. Ta zo gidana gwaji tare da babbar ƙawarta Murna. Kullum ina sa amarya ta zo gwaji kafin ranar, kada ku taɓa yarda ku fara ganin fuska da safen aure.

Alheri baƙa ce mai ruwan zuma, fatarta sumul, amma gumi ne da ita kamar an kunna famfo. Tana zaune a barandata ba ta yi komai ba, hancinta ya jiƙe. Ta ce feshi take so, ta daɗe tana jiran wannan rana, ba ta son ta fito a bidiyo fuska na narkewa. Na duba fatar na ce ta yi gaskiya, irinta aka yi wa feshi. Na jawo inji daga ƙarƙashin gado, na karkaɗe, muka fara.

Ina cikin aiki Murna tana gefe tana waya da 'yan gida, tana tsara yadda ranar za ta kasance. Yarinya ce mai kai, da ita ake jin daɗin biki. Na ji tana cewa a gaya wa kowa, daga an gama kwalliya ba mai taɓa fuskar amarya, ba runguma, ba shafa kumatu, masu kuka su yi daga nesa. Sai ta ƙara da cewa ai Kaka ma an yi mata bayani, ta ce ba komai, ta ma mayar da kwalbar cikin tukunya.

A daidai nan na ji numfashin Alheri ya canja. Idonta a rufe yake saboda feshi, amma haƙoranta sun haɗu, na ga naman muƙamuƙinta ya motsa. In kina aiki a fuskar mutum, kusa kike da shi fiye da mijinsa, ba abin da zai ɓoye miki. Na kashe inji na tambaya wace kwalba.

Ta ce ba wani abu ba ne, al'adar gidansu ce kawai. A ƙauyensu, ta hanyar Kagoro, in 'ya za ta fita gidan ubanta zuwa coci, takan durƙusa a bakin ƙofa, tsohuwar da ta fi kowa girma a gidan ta shafa mata man maɗaci a fuska ta sa mata albarka. Tun kaka da kakanni ake yi. Da bishara ta zo ba a daina ba, sai dai yanzu da sunan Yesu ake rufewa, fastoci ma ba sa hanawa. Mahaifiyar Alheri ta rasu tana goye, kakarta ta wajen uwa, Kaka Kande, ce ta raine ta. Tun da aka fara sa ranar farko tsohuwar ta bi gindin bishiya ta tsinci 'ya'yan maɗaci da hannunta, ta soya, ta daka, ta dafa, ta tace man a wata 'yar kwalba. Aure ya ɗagu, kwalba ta jira. Yanzu kuma an je an gaya mata kwalliyar zamani ba ta son mai.

Na tambaye ta me Kaka ta ce da aka gaya mata. Alheri ta ce cewa ta yi zamani ne, a yi yadda ya fi kyau, ita addu'a ko daga nesa tana zuwa. Na ce da wace murya ta faɗa. Murna ta ajiye waya ta ce ita fa ba mugunta take yi ba, mai da kwalliya ba sa haɗuwa, ko ƙarya take yi in faɗa. Na ce ba ƙarya ba ne. Da mai muke goge kwalliya in an dawo daga biki.

To kun ga inda maganar take. Yarinya tana son ta shiga coci da fuskar da ta yi mafarki, tana kuma son ta fita gidan da ta tashi da hannun kakarta a fuskar. An ce mata sai ta zaɓi ɗaya, kuma tsohuwa ta riga ta janye don kada ta zama matsala.

Na sa aka kawo mini ɗan man a murfin kwalba, ba tare da Kaka ta sani ba. Alheri ta dawo tare da Murna bayan aiki, na raba fuskarta biyu, dama feshi, hagu HD, na dangwali man na shafa a kowane gefe. Gefen HD ya fi saurin lalacewa, nan da nan ya dame. Amma da na danna tishu na tsotse man, na bi da soso da hoda, ya dawo kamar ba a yi ba. Gefen feshi ya ɗan yi taurin kai, sannan ya tsage kamar busasshen kududdufi, duk abin da na sa a kai ya ƙi haɗewa. Na ce mata ga shi ta gani, in mai zai taɓa fuska, HD ce mai yafiya. Ta ce to gumi fa. Na tura ta ta zaga bayan gida ta dawo a cikin ranar nan. Ta dawo gefen hagu na ƙyalli kamar an soya, gefen dama ko a jikinsa. Muka zauna muna kallon madubi mu uku, kowa da gaskiyarsa.

Baban Godiya ne, yana gyaran keken yaro a tsakar gida, ya ce shi in zai yi wa ƙofa fenti ai yakan bar wurin makulli. Muka yi masa dariya, sai kuma na ga maganar ta zauna. A fesa fuska duka, a bar wuri ɗaya a goshi daidai yatsun Kaka. Ta shafa manta a nan, in tsotse, in cike da HD, gashi da mayafi su rufe bakin haɗin. Alheri ta tafa hannu, Murna ta ce in dai tsohuwa za ta tsaya a iyaka ita ta yarda.

Saboda wannan na bar gidana na kwana a ƙauye, abin da ba na yi wa kowa. Amare su suke zuwa su same ni. Na isa da yamma na tarar gida cike, ana tuƙa tuwon acca a manyan tukwane, ƙamshin dawa da citta na tashi daga wajen masu kunu. Aka kai ni wurin Kaka Kande, wata 'yar ƙaramar tsohuwa a kan kujerar katako, ido ya yi hazo amma baki garau. Na durƙusa na gaishe ta. Ta kama hannuna ta shinshina.

Ta ce, "Ke ne mai fentin mutane?"

Na ce, "Ni ce, Kaka."

"To ni ma ki yi mini, ko zan samu wani tsoho gobe. Amma mai haƙori nake so."

Na ce mata masu haƙorin duk an kwashe, sai dai mai keke. Ta ce keke ma ya isa in dai yana da burki. Da dariya ta lafa na gaya mata abin da ya kawo ni, cewa a fito da kwalba, an bar mata wuri. Ta ce kada in ɓata aikina saboda ita, yarinya ta sha jira. Na ce aikin ba zai ɓaci ba in ta tsaya inda zan nuna mata. Na ɗauki yatsunta uku na ɗora a goshina na ce nan kawai, daga nan zuwa nan. Ta maimaita a goshina tana gyaɗa kai kamar 'yar aji ɗaya. Sannan ta aika aka ɗauko kwalbar daga cikin tukunya, ta riƙe ta a cinya har aka kawo abinci.

Da safe aka kunna janaretan maƙwabta, kaji suka watse. Na wanke fuskar Alheri, na shafa abin da ke riƙe maiƙo, na yanki 'yar takarda daidai yatsun Kaka na manna a goshi, na fesa. Ban taɓa yin feshi mai kyan wannan ba, kuma ba yabon kai nake yi ba. Kalar ta zauna har ba ki san inda fuska ta ƙare wuya ya fara ba. Na yi gira, na sa gashin ido, na ja baki. Da na cire takardar sai ga ɗan fili a tsakiyar goshi kamar gonar da aka manta ba a shuka ba. Aka sa mata farar riga. Murna ta tsaya a ƙofar ɗaki kamar soja tana korar gwaggwanni masu son runguma.

Matan zumunta suka taru a tsakar gida da tulunansu da caki, suka ɗauki waƙa. Mota tana waje, direba yana ta duba agogo, don Baba Fasto ba ya jiran amarya, kowa ya san shi. Alheri ta fito ta durƙusa a kan tabarma a bakin ƙofar gida. Aka riƙo Kaka. Ni ina gefe da tishu da soso a shirye.

Tsohuwa ta buɗe kwalba, ta dangwala yatsu uku, ta lalubo wurin a hankali. Ta taɓa shi kamar mai gwada zafin tukunya, ta janye hannu da sauri ta ɓoye a bayanta. Ta yi 'yar gajeruwar addu'a, aka ce amin. Daidai yadda muka tsara, ko ɗigo bai fita iyaka ba. Na matso da tishu, Murna ta yi ajiyar zuciya.

Alheri ba ta tashi ba. Ta ɗaga kai ta dubi kakarta.

Ta ce, "Kaka, haka kika yi wa Mama?"

Tsohuwa ta ce, "Mamanki ba fenti a fuskanta."

Sai Alheri ta miƙa hannu ta karɓi kwalbar, ta jawo hannuwan Kaka daga baya, ta buɗe tafukan, ta tsiyaye man duka a ciki. Ta ɗauki hannuwan nan biyu ta ɗora a kumatunta ta danna.

Ni abin da ya fara zuwa kaina riga ce. Fuska tawa ce, zan iya sakewa, amma man maɗaci a farar riga ba mai fitar da shi. Na kwance zanen da na yafa na jefa a ƙirjinta na riƙe ta baya. Wannan ma ku riƙe shi, mai kwalliya ba ta zuwa biki ba da zani na biyu ba.

Kaka kuwa da ta ji fuskar a tafin hannunta, sai ta zama wata mace daban. Bayanta ya miƙe. Ta bi goshi, ta bi kumatu, ta bi haɓa da bayan kunne, ta murza kamar tana yi wa jaririya wanka. Ta buɗe baki cikin yare, ta kira sunan mahaifiyar Alheri, da tata uwar, da matan gidan da suka durƙusa a wannan ƙofa kafin ita. Ta roƙa mata gida mai sanyi, da rumbu, da haƙuri da dangin miji, da bakin da zai iya faɗa in haƙurin ya ƙare. Matan zumunta suka rage kiɗa suna amsawa. Gashin ido ɗaya ya maƙale a babban yatsanta ba ta sani ba. Ta rufe da sunan Yesu, aka ce amin har kan titi. Da ta sauke hannu, feshina duk yana tafinta, fuskar amarya kuwa kamar an yi ruwa a kan sabon bango.

Na juya ina jiran Murna ta faɗi. Sai na tarar tana kuka, tata kwalliyar ma ta tafi. Ta ce mini a hankali, "Mama, yanzu ya za mu yi?" Na ce ta ɗauko akwatina ta shiga mota.

Feshi dai ya ƙare, ba lokaci, kuma ba wanda zai goya janareta zuwa coci. Na sa direba ya tsaya a ƙarƙashin wani mangwaro kusa da makarantar firamare, inda haske yake da kyau. Na fito da sabulu da ruwan leda zan wanke fuskar, sai Alheri ta riƙe hannuna ta ce kada in wanke duka. Na ce mai da kwalliya ba sa zama tare, ta gani da idonta. Ta ce ta gani, in yi iya abin da zan iya.

To a nan ne wankin buroshi da zaman ƙofar shagon Anti Rifkatu suka yi rana. Na goge ragowar feshin da auduga, ban sa sabulu ba. Na riƙa danna tishu ina ɗagawa, ba gogewa, har man ya daina fitowa a takarda, saura wanda fata ta sha. Na fara da hoda kafin fandeshan, abin da ba a saba yi ba, don ta kama maiƙon. Na haɗa kala a bayan hannuna, na ƙara duhu kaɗan saboda man ya sa fatar ta ƙara zurfi. Na bi da soso, dangwale-dangwale, siriri ƙwarai, inda ba ya bukata na bar shi. Murna ta riƙe madubi da hannu ɗaya tana yi mata fifita da ɗayan. Ɗayan gashin idon ma na cire shi, na ja kwalli kawai. Direba ya tambaya ko mun gama, na ce ya yi wa Allah ya bi ramuka a hankali, na ƙarasa jan baki muna tafiya.

Mun shiga harabar coci ana waƙar farko. Baba Fasto ya dube mu ta saman tabarau.

Ba zan yi muku ƙarya ba, kwalliyar ba ta riƙe kamar yadda feshi zai riƙe ba. Ranar ni da nake son in koma gida kafin rana ta karkata, na wuni ina bin amarya da hoda da soso kamar jela. A ƙofar coci na gyara, kafin hoto na gyara, kafin yanka kek na gyara. Da aka shiga rawa aka fara manna mata kuɗi a goshi, na haƙura na nemi kujera na karɓi shinkafata. Amma akwai wani haske da fatar ta yi daga ƙasa, wanda ban san kwalbar da ake sayar da shi ba. Mai hoto ya zo yana tambayata sunan abin da na sa, wai zai gaya wa matarsa. Na nuna masa Kaka, tana can gaba an ɗaura mata kallabi, tana rawa a zaune.

Can wajen liyafa mai gabatarwa ya matsa wa ango sai ya sumbaci amarya a kumatu. Bulus mutum ne mai kunya, ya yi ta noƙewa, abokai na ihu. Daga ƙarshe ya sunkuya ya yi. Sai muka ga ya ɗago fuska a yamutse, ido ɗaya a rufe, yana neman ruwa da hannu. Wanda bai taɓa lasar man maɗaci ba ba zai gane ba. Tsofaffin maza da ke layin gaba suka fashe da dariya har ɗaya ya yar da sanda, don su sun san abin da ya taɓa harshensa, duk sun bi ta nan. Aka gaya wa Kaka abin da ya faru, ta ce a gaya masa ya haɗiye, nata ne, ba ya kisa. Ya haɗiye kuwa, ya juya ya sumbaci ɗaya kumatun ba wanda ya sa shi.

Hoton da Alheri ta sa aka wanke babba ta rataye a falonta ba na coci ba ne, ba na kek ba. Na bakin ƙofa ne, fuska a dame, gashin ido ɗaya, tsohon zanena a ƙirjinta, hannuwan Kaka biyu a kumatunta. Aikina mafi kyau ke nan a lalace, kuma duk wanda ya shiga gidan sai an gaya masa Maman Godiya ce ta yi kwalliyar.

Injin yana nan, zan koya muku shi, zan koya muku buroshi ma, kowanne da ranarsa. Amma ke da kike ta murmushi a ƙarshen benci, wadda na ji an ce an kusa kawo gaisuwa gidanku, faɗa mini tun yanzu in san abin da zan shirya: a gidanku hannun wa za ki yarda ya ɓata miki kwalliya?